Wasiƙar Akawu: Ƙibar Mai Ciki da Ciwon Maƙoƙo

Zuwa ga Edita,

 A makon jiya na yi muku alkawari zan kawo zancen albasar Aliero da yadda dillalai su ke cin gumin manoma, amma ku gafarce ni, na ɗage shi sai wani jiƙo. Dalili kuwa, wani malamin makaranta daga Dogon Daji ya same ni a ofis, ya ja ni gefe, ya ce iyalinsa tana da juna biyu, tana ta ƙiba alhali ba ta cin abin kirki, ga barci kamar kasa, ga jin sanyi, kuma ya ji an ce irin wannan ya taɓa samun ƙanwata. Na faɗa masa abin da ya sawwaƙa a tsaye. Da ya tafi sai na ga ai ba shi kaɗai ke bukatar jin wannan labari ba, don haka na nemi izinin ƙanwar tawa, ta ce in rubuta, in dai ban ambaci sunanta ba.

Ƙanwata ce uwa ɗaya uba ɗaya, tana aure a ƙasar Kebbe, ni kuwa ina aikin akawu a Tambuwal. Kafin wannan ciki da zan ba ku labarinsa ta yi ɓari har sau biyu, ko wanne bai kai wata huɗu ba. Kun san yadda zaman gidan miji ya ke ga macen da ta yi ɓari biyu a jere. Ba wanda zai faɗa mata magana ido da ido, amma ko tuwo aka miƙo mata sai ta ji maganar a cikinsa.

Da ƙaramar Salla ta 2023, watau cikin watan Afrilu, na tafi gaishe su. Wanda ya san bazarar ƙasar Sakkwato ya san a wannan lokaci ko ƙadangare inuwa ya ke nema. Sai ga ƙanwata zaune a bakin rana, ta lulluɓa da zane biyu. Na ce, "Ke, lafiya?" Ta ce, "Yaya, sanyi ni ka ji." Muryarta ta dushe kamar ta wanda ya kwana yana kira. Fuskarta ta cika, fatar idonta ta yi nauyi, kuma tana magana a hankali, sai ka ce ko wace kalma daga rijiya ta ke jawo ta. Matan gida kuwa sai murna su ke yi, suna cewa wannan karo ciki ya karɓe ta, dubi yadda ta murje. Surukarta kaɗai ba ta cikin masu murna. Da na durƙusa na gaishe ta, ta ce mini, "Malam, ka yi ma ƙanwarka faɗa. Wanga ba ciwo ba na, son jiki na. Daka ba ta yi, ɗiban ruwa ba ta yi, sai kwana da ƙiba." Na ce, "To, Inna, za a yi mata."

A nan ne na tafka kuskuren da har yau ya ke cina. Ni mutumin lissafi ne, tun a makarantar mishan aka koya mini cewa abin da ya shiga littafi ba ya ƙarya. Na ce a kawo mini katin awonta. Katin cikin da ya wuce ya nuna kilo 53 a wata na uku, wannan kuwa kilo 60 a wata na uku. Na yi ɗebewa, na ga bakwai, sai na yanke hukunci irin na akawu, cewa abin da ke shiga ya fi abin da ke fita. Na ce ta rage tuwon dare, ta daina shan fura da rana, ta riƙa motsa jiki. Ta dube ni ta ce, "Yaya, wallahi ko rabin ƙwarya ba ni ci." Ban gaskata ta ba. Na hau mota na komo Tambuwal ina ganin na yi nasiha. Lissafina daidai ne, amma fassarar da na yi masa ta banza ce, kuma wata guda cur ta ɓace a kan wannan nasiha tawa.

Da wata na huɗu ya kama ta koma awo, sikeli ya nuna 63, ga ta kuwa ta rage cin abinci kamar yadda na umarta. Allah ya haɗa ta da wata malamar asibiti dattijuwa, mai duba mutum kafin ta dubi kati. Ta auna jininta ta ga bai hau ba, ta auna fitsari ta ga lafiya. Sa'an nan ta ce ta kware mayafi, ta ba ta ruwa ta ce ta haɗiya. Tana haɗiya sai ga wani ƙullutu a gaban wuya ya yi sama ya komo. Ta tambaye ta ko bayan gida yana yi mata wuya, ko gashinta yana zuba, ko fatarta tana bushewa. Duk ta ce i. Sai ta rubuta takarda ta ce a kai ta Sakkwato a auna jinin maƙoƙo, kada a bari mako ya zagayo. Mijinta ya aiko mini, na tarye su a Tambuwal, muka yi sammako muka kama hanyar Sakkwato, tafiyar wajen kilomita 100, muka nufi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo.

To, ga abin da na koya, zan faɗa muku da Hausar da ni kaina na fahimta. A gaban wuyan ko wane ɗan Adam, ƙasa da zakaran wuya, akwai wata 'yar tsoka mai kunne biyu, likitoci suna kiranta tairod. Ba ta da girma, mai lafiya ba ya ma sanin tana nan. Aikinta shi ne ta zuba wani ruwa a cikin jini, sunansa tairoksin, shi kuwa ga jiki kamar zugazugi ya ke ga wutar maƙeri. In ana zuga, wuta ta kama, abinci ya ƙone ya zama ƙarfi da ɗumi, zuciya ta buga daidai, hanji ya yi aiki, hankali ya yi kaifi. In zuga ta yi rauni, kome na jiki sai ya yi sanyi. Ga kuma wani abu da ya ba ni sha'awa, don ya yi kama da aikinmu. A ƙarƙashin ƙwaƙwalwa akwai wata tsokar, ita ce kamar babban ofis. In ta ga tairoksin ya yi ƙaranci sai ta aika wa ta wuya takardar tuni, ita ce likitoci su ke kira TSH. Garin da ya biya haraji kan kari takarda ɗaya ta ishe shi, wanda ya gaza kuwa takardu su yi ta zuwa. Saboda haka in likita ya auna jini ya ga TSH ya yi yawa, ya san tairod ta gaza. Yawan tunin nan kuma shi ke sa tsokar ta yi ta girma don ta biya abin da ba ta da shi, har ta fito waje, mu ce maƙoƙo. Na ƙanwata an same shi ya hau ƙwarai, tairoksin kuwa ya yi ƙasa.

Na tambayi likita zancen ƙiba, tun da ita ce ta ruɗe ni. Ya ce, "Malam, rage mata abinci da ka yi bai taɓa ciwon ba, ɗan da ke ciki kawai ka rage wa." Ya ce nauyin da raunin tairod ya kan ƙara wa mutum ba ya cika wuce kilo 2 zuwa 5, kuma yawancinsa ruwa ne da gishiri da jiki ya riƙe, ba kitse ba. Watau abin da matan gida su ke wa murna kumburi ne ya yi shigar ƙiba. Game da ƙibar ciki ta gaskiya kuwa, ma'aunin da likitocin Amurka suka fitar a 2009, wanda a ke bi a wurare da yawa, ya ce mace matsakaiciyar jiki ta ƙara kilo 11.5 zuwa 16 daga farkon ciki zuwa haihuwa. Siririya ta ƙara 12.5 zuwa 18, mai jiki 7 zuwa 11.5, mai ƙiba ƙwarai 5 zuwa 9. A watanni uku na fari ƙarin kaɗan ne, rabin kilo zuwa kilo 2, daga nan sai ya zama kusan rabin kilo ko wane mako. Kun ga mai ciki dole ta ƙara nauyi, ko mai ƙiba ba a ce ta rame ba.

Akwai wani kumburin kuma da ba ya jiran mako, don haka kada a haɗa su. In mai ciki, musamman bayan wata na biyar, fuskarta da hannuwanta suka kumbura farat ɗaya, ga ciwon kai mai tsanani, ga gani dishi-dishi, wannan alamar hawan jinin ciki ce, mai kawo jijjiga, yana iya kashe uwa da ɗa cikin yini guda. In awo ya kai 140 bisa 90 ba maganar sai gobe. Shi ya sa malamar nan ta fara da auna jini da fitsari kafin ta dubi wuya. Raunin tairod da ba a yi wa magani ba shi ma yana ƙara haɗarin wannan hawan jini, da ɓari, da haihuwar bakwaini, da ƙarancin jini.

Amma abin da ya hana ni barci shi ne zancen jariri. Ɗan da ke ciki tairod ɗinsa ba ta soma aiki sai wajen mako na 12, kuma ba ta yin abin a zo a gani sai mako na 18 zuwa 20. Kafin nan da tairoksin ɗin uwarsa ya ke gina ƙwaƙwalwarsa, shi ya sa bukatar uwa ta kan ƙaru da wajen sulusi har zuwa rabi. A 1999 wasu likitoci a jihar Maine ta Amurka suka buga binciken da suka yi kan yara 'yan shekara 7 zuwa 9, suka ga waɗanda uwayensu suka yi goyon ciki da raunin tairod ba magani sun gaza sauran yara da wajen maki 7 a jarrabawar auna fahimi. Inda abin ya yi tsanani kuwa, saboda rashin aidin, a kan haifi yaro ya tashi wada, ko kurma, ko mai raunin hankali. Na tuna watan nan da na ɓata, na rasa inda zan sa kaina.

Tun da na ambaci aidin, bari in tsaya a kansa, don shi ne kayan aikin da tairod ta ke ƙera tairoksin da shi. Teku ce gidansa, ƙasar da ta yi nisa da teku irin tamu abincinta ba ya cika ɗauke da shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi yana bukatar mikrogiram 150 a yini, mai ciki da mai shayarwa 250. Mikrogiram kuwa kashi ɗaya ne cikin miliyan na giram. Na zauna na buga lissafin, na ga abin da mutum zai bukata cikin shekara 70 bai kai giram 4 ba, ko ƙaramin cokalin shayi ba zai cika ba. Kai, dubi ƙanƙantar abin da rashinsa ya ke nakasa gari guda! Wani Bafaranshe mai suna Bernard Courtois ya gano shi a 1811 cikin tokar ciyawar teku, a 1820 wani likita a Janeba ya soma maganin maƙoƙo da shi. Mutanen Suwizalan, waɗanda maƙoƙo ya addabi ƙauyukansu na kan duwatsu, su suka soma zuba shi a gishiri a 1922, Amurka ta bi a 1924. Nijeriya ta wajabta shi a 1993, aka ce gishirin ci ya ƙunshi kashi 50 cikin miliyan a masana'anta, 30 a wurin mai sayarwa, hukumar NAFDAC kuma tana cikin masu sa ido. In ka ci giram 5 na irin wannan gishiri ka sami 150 ɗin nan daidai.

Kakanninmu gishirinsu na Bilma ne da na Foga, wanda fatake su ke saukewa a kasuwanni irin su Jega, ba wanda ya zuba masa kome. Yau na leda ya zo, amma ku shiga kasuwa ku ga yadda a ke yi da shi. A farke buhu, a tula shi a faifai, ya yini a rana, ya sha raɓa, a auna da gwangwani. Aidin kuwa ba ya shiri da rana da laima, a hankali ya ke gudu ya bar farin gishiri. Wasu kuma don araha na dabbobi su ke saye su daka su zuba a miya. Ga kuma wata magana da ba za ta yi wa Basakkwace daɗi ba. Binciken da aka yi a Darfur ta ƙasar Sudan ya nuna gero yana ɗauke da wani abu mai rage wa tairod ƙarfi, haka kuma rogon da ba a jiƙa ba, kamar yadda aka gani a ƙasar Kwango. Kada wani ya ce Akawu ya hana shan fura, ni ma da ita na girma, kuma ɓarnar ta fi fitowa ne inda aidin ya yi ƙaranci tun farko. Abin nufi, mai cin gero safe da dare ya fi kowa bukatar ya sayi gishirin leda mai alamar aidin, ya zuba a gwangwani mai murfi, ya ajiye nesa da murhu.

Sai dai in ja kunne a kan abu biyu, don na san halin mutanenmu, in an ce abu magani ne sai a sha da ludayi. Aidin ɗin kwalba da a ke shafa wa miki ba na sha ba ne, guba ne. Yawaita gishiri a miya kuma hawan jini ya ke jawowa, giram 5 ɗin nan shi ne iyaka ga baligi a yini. Kuma ba ko wane maƙoƙo ne na rashin aidin ba. Na ƙanwata da aka bincika sai aka ga wani iri ne, wanda wani likitan Japan mai suna Hashimoto ya bayyana a 1912, inda dakarun jiki masu yaƙi da cuta su ke juyawa su far wa tairod ɗin mai su. Irin wannan ko buhun gishiri ka ci ba ya warkewa. Akwai kuma maƙoƙon da tsokar ta ke aiki fiye da kima, mai shi ya rame, zuciya ta yi ta bugawa, gumi ya yi ta zuba, maganinsa kishiyar wancan ne. Ido ba ya raba su, wanzami ba ya raba su, tsaga da sakiya a wuya kuwa ban da tabo da haɗari ba abin da su ke bari. Awon jini kaɗai ke rabawa.

Maganin da aka ba ta wata 'yar ƙwaya ce ƙarama, sunanta lebotairoksin, watau shi dai ruwan nan da jikinta ya gaza yi, aka ƙera shi a masana'anta. Asalin dabarar tsohuwa ce. A 1891 wani likitan Ingila, George Murray, ya tatsi tairod ɗin tunkiya ya yi wa wata mata allura da ruwan, ta tashi daga ciwon da a da ba a tashi, ta ƙara shekara 28 a duniya. Na ba surukar ƙanwata wannan labari, ta yi dariya ta ce ashe tunkiya ma malama ce.

Shan ƙwayar yana da ƙa'ida, kuma a nan muka sake tuntuɓe. Bayan mako huɗu aka maimaita awo, don haka a ke yi ko wane wata a rabin ciki na fari, sai aka ga TSH bai sauka yadda a ke so ba. Likita ya ce ta faɗa masa yadda ta ke sha. Ashe haɗa ta ta ke yi da jar ƙwayar ƙarin jini da a ke bayarwa wurin awo, ta kora da fura da nono, don kada ta manta. Ƙarfen da ke cikin ƙwayar ƙarin jini da sinadarin ƙashi da ke cikin nono suna kama maganin a hanji su hana shi shiga jini. Aka ce ta sha shi da asuba da ruwa zalla, ciki ba kome, ta dakata rabin sa'a zuwa sa'a guda kafin ta karya, ƙwayar ƙarin jini kuwa a bar tsakaninsu sa'a 4, ta mai da ita bayan azahar. Ba a ce ta bar ƙarin jinin ba, raba musu lokaci kawai aka yi. Awo na gaba ya fito daidai. Likita ya ƙara da cewa macen da ta riga tana shan wannan magani, ran da ta tabbata ta sami ciki ta zo wurinsa a wannan mako, don kusan kullum sai an ƙara mata, kada kuma ta bari don tsoron zai taɓa ɗan, barinsa shi ne ke taɓa ɗan.

Ba zan ɓoye muku ba, abin ya ci kuɗi. Kuɗin mota daga Kebbe zuwa Sakkwato da komowa, mutum biyu, ko wane wata, ga kuɗin awo, a tsakiyar damina sa'ad da rumbu ya yi ƙasa. Mijinta ya sayar da tumaki biyu, ni ma na ci bashin albashi. Ƙwayar ita ce mai araha cikin al'amarin, hanyar ce mai tsada. Da a ce ana iya ɗibar jinin a Tambuwal ko Kebbe a aika da shi, sakamako ya komo ta waya, da an ɗauke wa talaka rabin kayansa. Na miƙa wannan ga waɗanda abin ya ke hannunsu.

A wata na biyar sikeli bai motsa daga 63 ba, ruwan yana fita, ɗan yana girma. Fuskarta ta saɓe, muryarta ta komo, ta ajiye zane ɗaya. Daga nan ta riƙa ƙara kusan kilo 2 ko wane wata, ta kai 70. Ranar da surukarta ta ji ƙarar taɓarya da asuba, ta leƙo ta ga ita ce, sai ta karɓe taɓaryar ta ce ta je ta zauna, likita bai ce ta yi daka ba. Ta sauka cikin watan Oktoba na 2023, ana tsakiyar kaka, ta sami 'ya mace mai kilo 3. Aka auna jinin jaririyar aka ga lafiya, uwar kuma aka rage mata magani, aka sake awo bayan mako shida. Tana sha tana shayarwa, ba ya hana nono. Yarinyar ta yi wayo, tana gudu tana surutu, amma duk sa'ad da na je Kebbe sai na tsinci kaina ina sa ta ƙirga yatsuna, uwarta tana kallona tana murmushi, don ta san abin da na ke aunawa.

Malamin Dogon Daji ya aiko mini jiya cewa sun karɓi takarda, ranar Laraba za su Sakkwato. Na ce ya tafi da katin awon cikin da ya wuce, da duk wata ƙwaya da ta ke sha, har da ledar gishirin gidansu. Ina kuma roƙon malaman makaranta da akawuna na Jabo, da Sanyinna, da Kuchi, wanda ya shiga kasuwar garinsu ya duba irin gishirin da a ke aunawa da inda a ke ajiye shi, ya rubuto wa Edita mu ji. Zancen albasa sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.

Wassalam. Ni ne naku,
Akawu, Tambuwal.